Na Samu Gidan Haya a Hanyar Dutsinma, Hajiya Ta Ce Ba Cikin Baƙi Ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan cikin garin Katsina ne, a Masanawa aka haife ni, a gidanmu na gado kuma na yi aure shekara huɗu da suka wuce. Ɗaki da ɗan falo aka yanka mana, yanzu ga yara biyu, ƙanena kuma zai yi aure bayan babbar Sallah. Wurin aikina yana can hanyar Dutsinma, kuɗin mai na neman ya gama da albashina. Wani dillali ya nuna mini gida a bayan gari ta wannan hanyar. Sashe huɗu ne cikin get ɗaya, kowanne ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, naira 600,000 a shekara ban da la'ada. Akwai mutane a uku: wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota da iyalinsa, wata Bayarabiya ma'aikaciyar jinya da mijinta, su Musulmi ne, sai wani malamin makaranta ɗan Zuru, Kirista. Ibon yana da kare. Matata ta gani ta ce ya yi mata. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai ta ce ba za a kai mata jikoki cikin ƙabilu su tashi ba su san gabas ba, ta ce in dai sai na tashi in nemi gida cikin 'yan'uwa. Kwana uku ke nan tana amsa gaisuwata a daƙile. Dillalin kuma ya ce in ban biya ba zuwa Juma'a akwai mai zuwa da kuɗi a hannu. Malam, ina cikin tsaka mai wuya. Me ka gani?

Wa'alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka biya ranar Juma'a. Ko da Hajiya za ta sa albarka a daren nan, wannan amsar tawa ba za ta canza ba. "Akwai mai zuwa da kuɗi a hannu" magana ce da kowane dillali ya haddace tun ranar da ya fara sana'ar. Wani lokacin gaskiya ce, sau da yawa kuma mai zuwan ba ya isowa. In gidan rabonka ne zai kai Litinin, har ya kai wata Juma'ar. In ya kuɓuce, ka rasa gidan da ba ka taɓa kwana a ciki ba, kuɗinka kuma na nan a aljihunka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka faɗa mini ƙabilar kowa a gidan da addininsa da sana'arsa, har kare bai tsira ba. Amma ko kalma ɗaya ba ka ce a kan mita ba. Ba ka ce daga ina ruwa ke zuwa ba, wa ke riƙe makullin get, ina ruwan wanke-wanke ke bi ya fita, balle ka ce ka ga mai gidan da idonka. Shekara 14 na yi ina zaman haya kafin Allah ya hore mini na aza tubalin kaina. Na zauna da Ibo da Tibi da Yarbawa da 'yan'uwana Hausawa, kuma ban taɓa ganin an kai ruwa rana a tsakar gida don wannan na zuwa coci wancan na zuwa masallaci ba. Rigimar da na gani, har da wadda ta kai gaban mai unguwa, a kan kuɗin wuta ce, da wanda ya bar famfo a buɗe tanki ya tsiyaye cikin dare, da igiyar shanya.

A gida na biyu da na kama, mu biyar ne a kan mita ɗaya. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Ita ta rataya wani littafi mai jan bango a ƙusa kusa da mitar, da biro ɗaure da zare. Duk wanda ya ba da kuɗin wuta sai ya rubuta kwanan wata da adadi ya sa hannu. In ka ce mata "ai na ba ki jiya," ba ta musu, littafin kawai za ta sauko da shi ta miƙa maka. Ni da uwargida abin ya riƙa ƙona mana rai. Muna ganin rashin kara ne, kamar ana zargin mutum da cin naira ɗari biyu. Har na taɓa ce wa matata, matar nan ko mahaifinta ta ranta wa kuɗi sai ya dangwala hannu.

Ranar da zan tashi, bayan shekara biyu, mai gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai bashin wuta na wata bakwai a kaina, gado da katifa ba za su fita ba sai na biya. Dattijo ne, sa'an mahaifina, sahu ɗaya muke sallar asuba. Bakina ya yi nauyi, na kasa ce masa ba haka ba ne. Motar kwasar kaya na tsaye, direba sai danna ham yake. Sai ga matar nan ta taso daga kan wanki, hannu duk kumfa, ta goge a gefen zaninta, ta sauko da littafin. Ta riƙa buɗa shafi tana karantowa wata bayan wata da Hausarta mai gargada, tana nuna sa hannuna da na yaron da dattijon ke aikowa karɓar kuɗi. Da ta kai wata na bakwai, dattijon ya gyara hula ya ce to, wataƙila yaron ne bai kawo ba. Muka loda kaya.

Ana yi mana kirari da ɗakin kara, ana cewa kunya gare mu ba dai tsoro ba, kuma ba ƙarya aka yi ba. A gidanku na Masanawa wannan kunyar ce ke riƙe da gidan. Matar ƙaninka za ta ƙarar da ruwan randa a yi shiru, wani ya biya wuta wata uku a jere bai ce komai ba, don kowa ya san gobe ana tare, kuma akwai babba da zai tsawatar in abin ya yi yawa. A gidan haya babu wannan babban. Kunya ce za ta hana ka ce wa dattijo ya ba ka rasit, ta hana ka tambayar maƙwabci ƙarfe nawa yake sakin karensa, sannan ka zo kana cin rai a ɗaki kana cewa mutanen nan ba su da kirki, alhali ba wanda ka taɓa faɗa wa abin da ke damunka. Maƙwabtan da kake shirin samu, yawancinsu sun saba da a faɗi magana ƙarara a kuma rubuta. Za ka ji abin wani iri a watan farko. Daga baya za ka gane hutu ne. In kuma zuciyarka ta ce maka neman takarda a hannun babba rashin ladabi ne, ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

To bari mu shiga gidan. Fara da mita. Shin kowane sashe da tasa mai kati, ko ɗaya ce ake karo-karo? In kowa da tasa ce, ɗauki lambar ta sashenka ka je ofishin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta. Wanda ya tashi yakan bar bashi, kai kuma duk sanda ka sayi wuta a riƙa yankar wani abu, ka ga kuɗi da yawa wuta kaɗan ka rasa dalili. Ka kuma tambaya layin a wane rukuni yake, wato yadda ake karkasa layuka gwargwadon awannin wutar da suke samu a rana, don tun watan Afrilun 2024 da aka mai da kuɗin rukunin A naira 225 a kan kowane yunit, wanda ya ninka tsohon farashi fiye da sau uku, bambancin layi da layi ya daina zama ƙaramin abu. In mita ɗaya ce, to a zauna a yi lissafi tun kafin ka shigo: wa ke da firiza, wa ke dafa ruwa da hita, wa ke sana'ar ƙanƙara. Akwai tambaya guda da kusan kowa ke mantawa, injin da ke tura ruwa tanki a mitar wa aka jona shi? Na san mutumin da ya shekara yana biya wa gida guda kuɗin jan ruwa bai sani ba, sai da mai gyaran wuta ya bi waya.

Ruwa kuma ka san halin garinmu. Madatsar Ajiwa ta daɗe tana ɗauke da birnin, birnin kuma ya faɗaɗa ya bar bututu a baya, musamman sababbin unguwannin da suka tsiro bayan an kafa jami'o'i da manyan makarantu a wannan hanyar. In an ce maka akwai burtsatse, kada ka tsaya a ganin tanki a sama. Tanki ba ruwa ba ne. Ka tambaya yaya take yi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya. Wanda zai faɗa maka gaskiya ba dillali ba ne, ɗan ga-ruwan layin ne. Tare shi da kurarsa ka saya masa ruwan sanyi, ka ce sau nawa kake kai jarka gidan can a mako? Mai shagon bakin layi da mai shayi su ma sun san dalilin da ya sa wanda ke sashen ya tashi. In za ka iya samun lambar wanda ya tashin, ka kira shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon ruwa, ka sunkuya ka dubi gindin bango ko akwai layin danshi da fenti bai gama rufewa ba. Unguwar da ba a yi wa magudanar ruwa ba, kyakkyawa ce a watan Janairu, a Agusta kuma mai Napep zai sauke matarka da yara a bakin kwalta ya ce ba ya shiga.

Dillali da rana tsaka ya kai ka, lokacin da kowa ya fita gida ya yi tsit. Koma kai kaɗai bayan isha'i ka ji ƙarar janareta da inda hayaƙinta ke bi, ka ga ko layin da haske, ko akwai 'yan sintiri da nawa ake ba su a wata, ko kuma akwai kangon da ƙauraye ke taruwa. Koma da asuba ka ƙirga takunka zuwa masallaci. Koma ranar Lahadi da hantsi.

Mai gida kuwa, ido da ido. Kada kuɗinka ya shiga hannun dillali da sunan zai kai. Ka tura ta banki zuwa asusu mai sunan mai gidan, ka rubuta a wurin bayani cewa kuɗin haya ne na shekara kaza zuwa kaza, sannan ka karɓi rasit. In gidan gado ne, ka san wanda magada suka wakilta, a rubuce, don na ga ɗan haya da ya biya yaya, bayan wata biyu ƙane ya zo da nasa lissafin. A takardar yarjejeniya a sa ranar shiga da ranar ƙarewa, a sa wa ke gyaran kwano da sokawe da injin ruwa, a sa cewa duk gyaran da ka yi da izininsa za a cire a kuɗin haya, a sa wata nawa zai sanar da kai kafin ƙari. A yawancin jihohin ƙasar nan, mai biyan haya shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a tashe shi, sai in takardar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban, shi ya sa ake karanta ta kafin a sa hannu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya. Mai gida ba shi da hurumin cire maka ƙofa ko kwance kwano ko watso kaya waje, ko da kuwa kana da bashi. Ranar da za ka karɓi makulli, zagaya da wayarka ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki, da tagar da ta fashe da famfon da ke ɗiga, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp ya zama yana da kwanan wata.

Lissafinka ma bai cika ba. La'adar dillali yawanci kashi 10 cikin 100 ce, wato naira 60,000 a kan naka, wasu su ƙara da kuɗin takarda, wasu masu gida kuma su nemi ajiyar ɓarna. Ka ce a faɗa maka jimla gaba ɗaya tun yanzu. Ga motar kwasar kaya, ga labule, ga tukunyar da a gida ake haɗawa yanzu ta koma kanka kai kaɗai. Abin da ya fi kama sabon ɗan haya shi ne shekara ta biyu. Naira 600,000 in ka raba wata 12, naira 50,000 ce duk wata. In albashinka ba zai iya fitar da ita ba bayan ka cire abin da za ka rage na mai, to maganar ƙabila ma ba ta taso ba, gidan ya fi ƙarfinka. In zai iya, shiga adashi ko ka buɗe asusun da ba ka riƙe katinsa tun watan farko.

Yanzu maƙwabta. Je ka gaishe su kafin ka biya, ɗaya bayan ɗaya, ka ce kai ne mai niyyar kama sashen da ba kowa, ka zo ka ji yadda ake zama. A minti goma za ka san abin da dillali ba zai faɗa maka a shekara ba. Maganar kare ka yi ta a ranar, cikin fara'a. Ka ce kana da ƙananan yara, kana kuma fita sallar asuba, shin da rana a ɗaure yake, kuma ƙarfe nawa ake mai da shi keji? Yawancin masu kare a irin gidajen nan don ɓarayi suke ajiye shi, da dare suke saki. In kuka daidaita a kan a ɗaure shi kafin kiran sallar farko, an gama. Ta fuskar tsarki, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ka ƙara tambayar malaminka don hankalinka ya kwanta. Abin dubawa shi ne cizo da tsoron yara da kashi a tsakar gida, da ko ana yi masa allurar rigakafin haukan kare. In mai karen ya murtuke ya ce karensa ba ya ɗauruwa, to ka samu amsarka, ka nemi wani gidan.

Za ka ji waƙar addu'a da sassafe ta bango, wani lokacin da tafi. Kafin ka ɓata rai ka tuna su ma suna jin lasifikar masallacin layi tun ƙarfe huɗu da wani abu, za su ji taron sunanku da walimarku, za su ga baƙinka sun cika get da babura ranar Sallah. Abin da ya wuce misali, kamar kiɗa har tsakar dare, a faɗa wa mutum kai tsaye washegari, ba a aika yaro ba, ba a yi habaici a bakin famfo ba. Habaici ma asararsa za ku yi, don rabinsa ba za su gane ba.

Ka duba wa matarka inda za ta yi shanya da wanke-wanke ba tare da ta yi ta karo da mazan gida ba. In sashen na da ɗan fili ta baya, alhamdu lillahi. In babu, ka nemi izinin mai gida ka kewaye mata da langa-langa, a sa a takarda. Ranar layya kada ka yanka rago inda jini zai bi kwata ya tsaya a ƙofar wani. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, sai da na wanke tsakar gida da bokiti takwas ina ba da haƙuri. Ka haƙa rami a waje, ka kuma aika wa kowane sashe da nasa kason. Sahabi Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Lokacin Kirsimeti za a kawo muku shinkafa. Da yawa daga Kiristocin da suka daɗe a Arewa Musulmi suke kira ya yanka musu kaza ko akuya, don dai maƙwabta su ci hankali kwance. Ku karɓa da hannu biyu, in kuna da tambaya a kan yankan ku yi ta, ba za su ji haushi ba. Kada kwano ya koma wayam.

Saura Hajiya, kuma nan ne nake so ka sassauta murya. Ba na jin ƙabila ce ainihin damuwarta, ko da ita ta ambata. Mace ce da ta saba jin kukan jikokinta ta bango, ta san me aka dafa a ɗakinka, ta san ƙarfe nawa ka shigo. Ga ƙaninka zai kawo amarya, ga kai za ka kwashe yara ka tafi inda sai an hau abin hawa. Uwa ba za ta ce maka "zan yi kewarku" ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai ta ce ƙabilu. Akwai kuma tsoro na gaske a ciki, na tarbiyya, kuma bai kamata ka yi masa dariya ba. Yaro yana kwasar abin da ya gani a tsakar gida. Sai dai a cikin garin ma yana kwasa, kuma ka san irin abin da ke yawo a wasu lungunanmu.

Kada ka je mata da hujja. Na san za ka so ka ce mata Katsina tun fil azal garin baƙi ce, Wangarawa da Buzaye da Larabawa sun zauna sun yi kasuwanci sun zama 'yan gari, Waliyyi Ɗan Masani ma da unguwarku ke amsa sunansa asalin gidansu daga Barno ne. Duk gaskiya ne, amma ka bar shi a cikinka, ko ka bari wani babba ya faɗa cikin raha. Ba a cin uwa da muhawara, in ka ci ma ka faɗi. Nemi kawunka ko yayarta, wanda take jin nauyinsa, ka fara zuwa wurinsa ka zayyana masa ƙuncin ɗakin da kuɗin mai da auren ƙaninka. Shi ya kai maganar. Kai kuma ka je mata da abubuwan da za ta iya riƙewa a hannu: sunan Islamiyyar da ka gano a unguwar da malamin da ka gaisa da shi, nisan masallaci, da alƙawarin cewa duk Juma'a bayan an sauko a gidanta za ku yini har dare, yara kuma su riƙa kwana wurinta lokacin hutu. Abin da kake ba ta na cefane kada ya ragu ko da naira ɗaya a watan da ka tashi, don shi za ta fara dubawa, ba don kuɗin ba. Kada ka yi alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba. In ka ce kullum za ka biyo, mako uku za ka yi ka gaji, ita kuma tana ƙirgawa.

Sannan ka ɗauke ta ka kai ta ta ga gidan, gani ya kori ji. Ka zaɓi lokacin da ma'aikaciyar jinyar nan take gida. Bayarabiya in ta ga tsohuwa har ƙasa take durƙusawa, kuma Hajiya za ta lura da wannan kafin ta lura da tayil. Kada matarka ta sa baki a maganar ko kaɗan, kada a ji "ita ta gani ta ce ya yi mata" a gaban Hajiya. In wannan jimlar ta fita, an daina maganar ƙabilu an koma maganar suruka ta janye mata ɗa, wadda ta fi wuyar warkewa. Ka ce kai ka nema, kai ka gani.

Ita ma matar taka ka faɗa mata gaskiya tun yanzu. Tana hango kicin nata ita kaɗai, ba ta hango ƙarfe goma na safe ba, lokacin da kowa ya fita aiki, babu mai riƙe mata yaro ta watsa ruwa, babu wadda za ta ara wa gishiri. Watannin farko da kaɗaici. Ka sa ta shiga Islamiyyar matan unguwar, nan za ta yi ƙawaye, ka kuma kai kanka wurin mai unguwa da limamin layi a makon farko su san fuskarka.

In Hajiya ta gani ta ce a'a har yanzu, kada ka kwashe kaya a kan fushinta. Ka bar wannan gidan ya wuce, ka ci gaba da lallashi, auren ƙaninka da ke tafe zai yi maka rabin aikin, don ranar da aka fara neman inda za a jera kayan amarya kowa zai ga gidan ya cika. Gidajen haya ba su ƙare a hanyar Dutsinma ba, akwai ta Barhim, akwai ta Kwaɗo, ana kuma ginawa kullum. Amma in mita ta fita lafiya, ɗan ga-ruwa ya ce bai san ƙofar gidan ba, mai gida ya yarda a rubuta, mai kare ya yarda a ɗaure, Hajiya kuma ta ce Allah ya sa alheri ko da a daƙile ne, to ka yi istihara ka kama. Ni da ni ne zan kama. Ranar da za ka shiga, ka sayi littafi mai kauri da biro, ka tambayi maƙwabta ko akwai ƙusa kusa da mita.